Ba Daga Sakkwato Waƙar Ta Zo Ba

Malama ta rasu a watan Sha'aban da ya wuce, a ɗakinta da ke unguwar Hausare cikin Garwa, a arewacin Kamaru. Allah ya jiƙanta, ya haskaka makwancinta. Ina Marwa, inda nake aikin koyarwa, aka bugo mini waya bayan sallar asuba. Tsakanin garuruwan biyu kilomita 200 ne da 'yan kai, amma wanda ya san hanyar ya san ba a yanka mata lokaci. Kafin motarmu ta wuce Figil har an sallace ta an kai ta. Na iske tsakar gida maƙil da mata, Hausawa da Fulani da Barebari da Larabawan Shuwa, wasu na sani, wasu ban taɓa ganin fuskarsu ba, kuma kowacce aka gaisa da ita sai ta ce ai ita ma a gidan nan ta yi karatu.

Masu ta'aziyya suna ta nanata cewa mace ce mai haƙuri, mai sanyin hali. Na yi shiru domin zaman makoki ne. Amma Malama ba ta da sanyin hali, kuma da tana ji da ta ce a gyara maganar. Harshenta da kaifi yake, ga tsanani a kan karatu. In yarinya ta karya wasali, sai ta maimaita har maƙogwaronta ya bushe. Tsoronta muka fara ji, son ya zo daga baya. Shi ya sa na zauna rubuta wannan. Ina gudun kada yabon makoki ya shafe matar da na sani, kuma ina gudun kada aikinta ya koma na wani, don ma ya riga ya fara komawa.

Sunanta ba zai fito a nan ba. Ko ba komai almajira ba ta kama sunan malamarta. Amma akwai dalilin da ya fi wannan ƙarfi. Al'adar masu rubuta waƙa ce idan an zo baitocin ƙarshe mutum ya ce in an tambayi wanda ya yi ta, ku ce wane ne ɗan wane, mazaunin gari kaza, wani ma ya ƙara da ramzi don a san shekarar da aka gama. Malama ba ta taɓa yin haka ba. Ta yi salati, ta nemi gafara, ta rufe. Na taɓa tambayarta dalili, sai ta ce, "Ke 'Yar Lekol, in na sa sunana, matar da muka yi cacar baki da ita jiya a bakin famfo za ta rera? Ni kuwa so nake ta rera." 'Yar Lekol take kirana har ta bar duniya, domin ni ce ta farko cikin almajiranta da ke shigowa da rigar makarantar boko a jiki.

Mutanen Najeriya da yawa in sun ji an ce Bahaushen Kamaru sai su ɗauka ɗan cirani ne da ya zo shekaranjiya. Ba haka ba ne. Tun da Modibbo Adama ya karɓo tuta daga Shehu Usmanu ƙasar nan ta buɗe, fatake suka biyo da tufafi da kayan koli, suna komawa da hauren giwa da goro, wasu suka yi zamansu a ƙarƙashin Lamiɗo. Lokacin da Jamusawa suka kama Garwa a 1901 sun iske kakanninmu a nan. Kakan Malama da ayari ya zo daga ƙasar Kano, malamin allo ne mai ɗinkin hula. Mahaifiyarta Bafulatana ce, don haka Hausa da Fulatanci duk a nono ta sha su. A garinmu kowane harshe da inda yake mulki. Kasuwa da titi na Fulatanci ne, lekol da ofis na Faransanci, Hausa kuwa ta tsakar gida ce da cikin unguwa da akwatin rediyo. Yaron Hausare yakan tashi da uku ɗin, amma sau da yawa ba ya jin ya mallaki ko ɗaya.

A shekarar da Ahmadu Ahijo, ɗan garinmu, ya sauka daga mulki, wato 1982, kakata ta kama hannuna ta kai ni gidan Malama. Ina tuna maza cunkushe a shagon ɗinkin Baba sun kewaye rediyo, ba mai cewa uffan, ni kuwa damuwata sabon allona. Da safe lekol, bayan la'asar zauren Malama, ban da Alhamis da Juma'a. Muka yi babbaƙu, muka yi farfaru, muka koyi dafa tawada da ƙaro da feƙe alƙalamin kara. Wannan kowace makarantar allo tana yi. Abin da ya bambanta gidan shi ne karatun dare. Bayan isha'i matan aure ke sulalowa da mayafi da goyo, su zauna a gaban fitilar ƙwai, wasu na Ahalari, wasu Ishmawi, 'yan kaɗan suka kai Risala. Gidanmu katanga ɗaya ce da nata, don haka nakan maƙale a bayan kakata in ƙi tafiya barci.

A nan waƙa ta shigo. Malama ta lura macen da ta wuni tana daka da wanki da raino, in ta zo da dare aka biya mata babi, kafin gobe ya zube. Amma matar nan ba ta manta waƙar da ta ji a gidan biki shekara goma baya. Sai ta riƙa ɗaukar babin ta zuba shi a baiti. Farillan alwala da sunnoninta, hukuncin haila da biƙi, yadda ake wa mace wankan gawa, abin da mai takaba za ta yi da wanda za ta bari cikin wata huɗu da kwana goma. Wadda ta fi shahara ita ce ta ƙabli da ba'adi, kuma duk wanda ya yi karatun ya san nan ne ake sarƙewa: ka rage, ka ƙara, ka haɗa ragi da ƙari, wace sujada ce kafin sallama, wace ce bayanta. Ta warware shi ɗango bayan ɗango, har ya zama mace tana cikin kokwanto a kan dardumarta sai ta rera baitin a zuci ta san abin yi. Kusan kowace waƙa takan yi ta da Hausa ta kuma yi ta da Fulatanci, ba fassara ba, sabon gini ne da nasa amsa-amon.

Ta san ba ita ta fara ba. Takan ba mu labarin Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta yi waƙa da Larabci da Fulatanci da Hausa, ta naɗa jajoji da malfa suna kai karatu ga matan ƙauye, har ta rasu a 1864 tsarin 'yan taru bai tsaya ba. In ta ambace ta sai ta sassauta murya, abin da ba ta yi wa kowa. Amma ita kanta ba ta taɓa taka Sakkwato ba. Iyakar tafiyarta yamma Yola ce.

Ba ta karanta aruli, ilimin ma'aunin waƙa, ba, kuma ba ta ɓoye hakan. Da kunne take aiki. Takan ɗauki karin wata ƙasidar da ake rerawa a Maulidi, ta yi ta gunguninsa tana tsintar shinkafa ko kaɗa miya, har kalmomi su zo su zauna. Sannan ta gwada da tafin hannu a kan cinya. In ɗango ya yi yawa da gaɓa guda takan ce akwai tsakuwa a ciki, mai ci zai tauna ya tofar. Na ga ta kwana uku a kan ɗango ɗaya saboda kalmar da ta dace da hukuncin ba ta dace da kari ba, wadda ta dace da kari kuma ta karkatar da hukuncin. A irin wannan hali kari take saryarwa, ta rushe baitin gaba ɗaya ta sake. Ta ce waƙar da ta yi daɗi ta koyar da kuskure ta fi wadda ba a yi ba sharri.

Ina lise, wato sakandare, na kai mata waƙata ta farko. A kan kogin Binuwai na yi ta, yadda yake cika da damina ya koma rairayi da rani. Na cusa mata duk manyan kalmomin da na tsinta a Rediyon Kaduna, na yayyafa Larabci a kai. Dalilina kuwa, duk sa'ad da danginmu na Kano suka zo, dariyar Hausarmu suke yi, wai mun gauraya ta da Fulatanci, wai mace ma "ya zo" muke ce mata. Na so in nuna ni ma na iya ta can. Malama ta saurara ido a rufe har na kai ƙarshe. Ta ce, "Wa kika yi wa?"

Na ce, "Mata, Malama."

"Waɗanne matan? Tashi ki je ki rera wa Goggo mai waina a ƙofar gida. Duk ɗangon da ta ce miki 'me?' ki zo ki goge shi."

Na je. Goggo tana juya waina tana cewa "me?" har na gaji da ji. Abin da ya saura bai cika tafin hannu ba, baiti ne a kan mata masu wanki da ke bin ruwa yana ja da baya, kullum tafiyar na ƙara nisa. Malama ta ce to wannan naki ne, daga nan za ki fara. Ba ta ce ya yi kyau ba. A iya zamana da ita ban taɓa jin ta ce waƙata ta yi kyau ba. Iyakar yabonta ta ce, "Sake rerawa in ji," kuma duk wadda ta zauna da ita ta san wannan ba ƙaramin abu ba ne. Sai dai kada a ɗauka ta sakar mana harshe. Kalmar Fulatanci ko ta Faransanci da matan unguwa ke faɗa kullum ba ta hana ta shiga waƙa, amma a baitinta mace "ta zo" ce, kuma wadda ta kuskure sai ta ji rankwashi.

Akwai abin da ta yi mini wanda ba na waƙa ba ne, kuma ba don shi ba da ban zama malamar lekol ba. A 1993 gwamnati ta zaftare albashin ma'aikata, a watan Janairun 1994 aka karya darajar sefa da rabi. Masu kawo wa Baba ɗinki ma'aikata ne, sai suka ɗauke ƙafa, yadi da zare kuma suka yi tashin gwauron zabo. Ni ce babba a ɗakinmu, ina shekarar ƙarshe, ga kuɗin jarrabawa, ga mai nema ya fito. Baba ya yanke cewa karatu ya isa haka. Ban ga laifinsa ba a lokacin, yanzu ma ban gani ba, mutum ne da bakuna goma ke jiransa. Malama ba ta shiga shagon maza, amma ran nan ta yafa mayafi ta tsaya daga bakin ƙofa. Ina ciki ina ɗaura maɓalli.

Ta ce, "Malam Tela, an ce za ka cire yarinyar nan."

Baba ya miƙe tsaye ya ce, "Malama, hali ne ya kawo haka."

"Na sani. Aure ba ni hana shi, a ɗaura. Amma ka gaya wa mai neman sharaɗi ne sai ta zauna jarrabawa. Kuɗin kuma ba ruwanka."

Kwasar adashinta ce ta watan, kuɗin turaren wuta da dakuwa da take aikawa kasuwa, ta ƙulle a bakin zane ta ba mahaifiyata. Daga baya da na fara ɗaukar albashi na kai mata, ta ce in mayar da shi inda ya fito, wato in nemi wata yarinya in biya mata. Aka yi auren, na zauna jarrabawar, kuma mai gidan nawa, Allah ya saka masa, bai taɓa tayar da maganar sharaɗin ba.

A waɗannan shekarun ne kuma samari suka fara dawowa daga karatu a waje da sabon wa'azi. Aka ce muryar mace al'aura ce, aka ce waƙoƙin bege sun wuce gona da iri, wasu mazan suka hana matansu zuwa karatun dare. Malama 'yar ɗariƙa ce, ba ta fasa wuridinta, kuma mun zaci za ta yi musu waƙar zambo, don ta iya. Ba ta yi ba. Ta aika aka kira ɗan ƙanenta, wanda yake cikinsu, ta ce ya zo da littattafansa. Suka yi ta zama a zaure, ba daga cikin labule ba, fuska da fuska, tunda ɗanta ne. Ƙarshenta ta cire baiti ɗaya daga waƙar begenta, ta ce yaron ya yi gaskiya, yabon ya taɓa abin da na Allah ne shi kaɗai. Sauran ta ce suna nan sai ranar da aka kawo mata hujjar da ta fi tata. Tsofaffin almajiranta sun ji haushin cire baitin, samarin sun ji haushin barin sauran. Ba ta kula kowa ba. Bayan 'yan shekaru matan waɗanda suka yi hanin suka dawo ɗaya bayan ɗaya, domin ƙabli da ba'adi ba ya tambayar ɓangaren da mutum yake.

A 2010 cutar amai da gudawa ta ɓarke a arewacin Kamaru, ta fi tsanani a jihar Arewa Mai Nisa amma mu ma ta taɓa mu. Wata tsohuwar almajirarta da ke aikin jinya ta zo tana kukan cewa ana kawo yara sai sun riga sun bushe, alhali ruwan gishiri da sukari na iya riƙe su kafin a iso asibiti. Malama ta sa ta faɗi ma'aunin sau da yawa, ta sa aka kawo kwalbar lita da ƙaramin cokalin shayi ta shafa su da hannu, don a lokacin idonta ya fara yana. Kafin mako ya zagayo waƙa ta fita. Ga kaɗan daga ciki:

Uwar ɗa tashi ki ɗora ruwa,
Ki bar kuka ki yi hanzari.
Cikin kwalba ki zuba shi ya huce,
Shidan cokali na sukari.
Rabin cokali ki daɗa a kai,
Ki kula kar ki cika gishiri.

Rabin cokalin nan na gishiri ne. Baitocin gaba suna cewa a riƙa ba shi kaɗan-kaɗan ko yana amai, kada a janye masa nono, a wanke hannu da sabulu, kuma kada a zauna a gida ana jiran sauƙi, a ɗauke shi a tafi. Mai neman adon harshe ba zai same shi a nan ba, kuma da gangan ne. Na ji ana rera ta a gidajen da ba su taɓa jin labarin Malama ba.

To nan ne inda ni da ita muka saɓa, kuma har ta rasu ba mu daidaita ba. Wata rana na je suna a unguwar Domayo a Marwa. Wata dattijuwa ta ɗauko waƙar ƙabli da ba'adi, mata na amsawa, ta kai ta har ƙarshe ba tuntuɓe. Da ta gama na matsa na gaishe ta, na ce, "Inna, a ina kika samo wannan?" Ta ce ai tsohuwar waƙa ce, daga Sakkwato ta zo, ta Nana Asma'u ce. Na ce mai ita tana nan da ranta a Garwa, ni a gabana aka yi wasu baitocin. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Yarinya, a Garwa wa zai yi wannan?"

Da hutu na ba Malama labari. Ta yi dariya har tari ya sarƙe ta, ta ce, "Alhamdu lillahi, sun kai ni babban gida." Ni ban yi dariya ba. Na ce mata jingina wa Nana Asma'u abin da ba ta faɗa ba ƙarya ce, ko da kyakkyawar niyya aka yi. Ta ce wannan gaskiya ne, duk inda na ji in gyara. Na ce ta yaya zan gyara ban faɗi mai ita ba? Ta ce wannan kuma matsalata ce, ni na yi lekol. Abin da ya fi ci mini rai ba ƙaryar ba ce, tambayar dattijuwar ce. Mu Hausawan wannan gefen mun saba duk abu mai kyau daga yamma yake zuwa: littafi daga Zariya, wa'azi daga Kano, fim daga Kano, waƙa daga Sakkwato. Mu masu karɓa ne. Yarinyar da ta tashi a Hausare tana rera waƙar da aka yi a bayan katangarsu, amma an gaya mata daga wata ƙasa ta zo, ba za ta taɓa tunanin ita ma tana iya zama ta yi tata ba. Malama na ganin ɓoye suna ikhlasi ne, kuma ban isa in ce ba haka ba ne. Ni dai na ga abin da ɓoyewar ta jawo.

Shekarunta na ƙarshe ba ta gani. Babban hutu in ya zo, watan Yuli da Agusta, nakan tattara yara mu sauka Garwa, in zauna gefen gadonta da littafin rubutu tana faɗa ina rubutawa. Da boko na fara, ta ce ba ta yarda ba sai an yi da ajami ma, don matan da suka fi buƙata ba su san boko ba. Sai ya zama shafi biyu, dama ajami, hagu boko. In na karanta mata abin da ta faɗa bara, takan tsayar da ni ta ce ba haka ta ce ba, in duba, kuma sau da yawa in na duba tsohuwar takardarta ita ke da gaskiya. Ta yarda an ɗauki muryarta a kaset sau ɗaya tun da daɗewa. Waya kuwa, da jikokinta suka so ɗaukar hotonta mai motsi, ta ja mayafi ta rufe fuska ta ce a fitar mata da abin nan.

Bayan da Boko Haram suka kama Mubi a watan Oktoban 2014, wasu mata da suka tsallako da yara sun zauna a zaurenta na wani lokaci. Ɗaya daga cikinsu ta san waƙar takaba, amma da wasu kalmomi daban, har da baiti guda da Malama ba ta taɓa yi ba. Na zaci za ta yi faɗa. Ta sa matar ta maimaita, ta gwada da tafi a cinya, ta tambayi hukuncin da ke ciki ta ga daidai ne, sai ta ce in rubuta shi a ciki. Na ce a matsayin na wa? Ta ce a matsayin baiti na goma sha.

Akwai waƙa guda da ba ta koyar da komai. Marsiyya ce ta 'yarta da ta rasu wajen haihuwa tun kafin a haife ni. Sau ɗaya ta faɗa mini ita, ta ce in rubuta in ajiye, kada a rera. Ita ce mafi kyawun abin da ta yi, kuma ba zan kawo ko ɗango ɗaya ba.

Ranar sadakar bakwai aka buɗe akwatinta na ƙarfe. Ta bar wasiyya a bakin 'yarta cewa takardun a ba 'Yar Lekol. Gafaka biyu ne da tarin warwatsattsun takardu, wasu a bayan takardar siminti ta rubuta su lokacin da babu kuɗin saye. Daminar 2012, wadda Binuwai ya yi ambaliya, rufin ɗakin ya yi yoyo, danshi ya shiga, gara ta biyo baya. Waƙoƙin da muka rubuta tare suna nan lafiya. Na farkon rayuwarta, waɗanda ta ce sai wani hutun, su ne suka ci wuya. Wata an cinye mata tsakiya, wata saura farko da ƙarshe.

Babban ɗanta, wanda ke kasuwanci a Duwala, yana so a buga littafi da sunanta da hotonta a bango, ya ce shi zai biya ko nawa ne. Niyyarsa mai kyau ce, kuma rabin zuciyata na tare da shi. Tsofaffin almajirai sun ce a'a, ta hana tana raye, ba za a yi mata tana kabari ba. Da aka tambaye ni na ce, "Yaya, suna da hoto dai a bar su, amana ce. Amma ba ta taɓa hana a faɗi gari ba." Abin da na kawo shi ne a rubuta a bangon cewa wata malama ce ta unguwar Hausare a Garwa ta yi su, 'yar Hausawa da Fulani, a zamaninmu. Wanda ya san ta ya san ta. Wanda bai sani ba ya san aƙalla daga ina waƙar ta fito. Yaya bai ce e ba, bai ce a'a ba, ya ce sai ya zo da babbar salla a zauna.

Kafin nan ina bin tsofaffi ina cike gurbin da gara ta ci. Aikin ya fi yadda na zata wuya. Waƙar wankan gawa ta rasa baitoci a tsakiya, aka ce akwai mata biyu da suka haddace ta tun Malama na amarya, ɗaya a Yelwa cikin gari, ɗaya ta koma wajen ɗanta a Pitowa. Na je wa ta Yelwa ta ba ni. Ranar Lahadi, ranar kasuwa, na bi motar Pitowa, ita ma ta ba ni, sai ga ɗango biyu sun saɓa. Duka biyun sun hau kari, duka hukuncinsu daidai. Na haɗa su a waya ko za su daidaita. Ta Pitowa ta ce wa ta Yelwa ai ke a bayan aji kike zama kina gyangyaɗi, ta Yelwa ta ce ke kuma shekara biyu kika yi aka yi miki aure, me kika sani. Kuɗin wayata ya ƙare suna kai. Na rubuta duka biyun, ɗaya a layi, ɗaya a gefen shafi, kuma har yanzu ban gaya wa kowacce wadda aka sa a gefe ba.